Zaɓen Takardar Bango Don Ɗakin Cin Abinci

Takardar bango, wadda 'yan kasuwa da masu aikin adon gida suka fi kira walfefa, shimfiɗa ce mai zane ko launi da ake sayarwa a naɗe, a yanyanka ta falle-falle daidai tsayin bango, a manna ta da gam domin ta maye gurbin fenti. Cikin 'yan shekarun nan ta zama ruwan dare a sababbin gidajen Kano da Kaduna da Abuja, har ta shiga lissafin kayan jere tare da labule da kafet da kujeru, kuma yawancinta daga ƙasashen waje ake shigo da ita, musamman Sin da Koriya ta Kudu da Turkiyya da wasu ƙasashen Turai. Mafi yawan masu saye da ido suke farawa: a buɗe musu littafin samfuri a shago, su yi ta juya shafi har su tsaya a kan furen da ya burge su, sannan a shiga ciniki. Wannan tsari yana iya wucewa lafiya idan ɗakin kwana za a yi wa ado, amma a wurin cin abinci zane shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yanke shawara a kansa, domin kafin shi akwai tambayoyi biyu da suka fi nauyi, wato abin da zai riƙa taɓa takardar daga waje, da kuma halin bangon da za ta kwanta a kai.

Keɓe ɗaki guda domin cin abinci baƙon abu ne a tsarin gidan Bahaushe. A da maigida da maƙwabtansa a zaure ko a ƙofar gida suke ciyayya, mata da yara kuma su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda ƙasa ke shanye abin da ya zube, iska ta kwashe ƙamshin miya. Ginin zamani ne ya zo da wurin da ake kira dayinin, wanda sau da yawa ba ɗaki ba ne mai ƙofa, wani lungu ne na falo da ke manne da kicin, an ajiye masa teburi da kujeru shida, wani lokaci da kwamin wanke hannu a kusurwa. Sai dai teburin bai canza yadda ake cin abincin ba. Tuwo da hannu ake cinsa, miyar taushe da ta kuka da mai suke zuwa, manja idan ya ɗiga a kan abu mai shan ruwa ba ya fita, zoɓo kuwa rini ne sosai, kuma yaron da ya sauko daga kujera bango yake dafawa kafin ya kai ga sabulu. A kan wannan akwai tururin kula da ake buɗewa, da hayaƙin suya da ke biyowa ta ƙofar kicin, da na turaren wuta da uwargida ke zagayawa da shi bayan an kwashe kwanuka, waɗanda dukansu ke barin wani siririn maiƙo a bango, ƙurar hunturu ta zo ta manne masa.

Turawan da suka yaɗa wannan ado sun san matsalar tun da wuri. Mafi tsufan guntun takardar bango da aka sani a Ingila an same shi ne a wata kwaleji ta Jami'ar Kambirij, kuma an buga shi wajen shekarar 1509, amma an daɗe takardar tana hannun masu hali kaɗai, har gwamnati ta ɗora mata haraji a 1712 wanda ba a soke ba sai 1836. Bayan haka da ɗan lokaci ne masana'antun Lankasha suka fara buga ta da inji, irin yadda ake buga zanen atamfa, farashinta ya faɗi, ta shiga gidajen talakawa. A tsakiyar zamanin harajin, mashahurin mai tsara gine-gine ɗan Sikotilan, Robert Adam, ya bayyana a littafin ayyukansa da ya fara fitowa a 1773 cewa ɗakunan cin abinci na Ingila da yaɓe ake gama bangonsu, ba a lulluɓe su da yadi, domin kada su riƙe warin abinci. Maganar ta haura shekara 250, amma har yau ita ce ma'auni: duk abin da ke da ƙofofin shan ruwa zai sha mai, zai kuma sha wari.

Da wannan ma'auni ana iya tace nau'o'in da ke kasuwa cikin sauƙi. Takarda zalla, wadda ba a rufe fuskarta da komai ba, ita ce mafi araha kuma launinta kan yi taushi a ido, amma ɗigon miya ɗaya ya isa ya bar mata tabo na har abada, kuma idan aka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma sai zanen ya biyo hannu. Mai gashi-gashi kamar karan-miski, wadda ake yi ta hanyar barbaɗa garin zare a kan gam, tana da kwarjini a hoto, amma tarkon ƙura ce, kuma a ƙasar da iskar hunturu ke kaɗawa daga Disamba zuwa Fabrairu ba ta da wurin zama kusa da abinci. Haka ma wadda aka saƙa fuskarta da zaren ciyawa ko rama, duk da cewa tana kama da tabarma kuma tana da tsada, ba ta wankuwa ko kaɗan. Sai falle-fallen soso masu siffar bulo da ke zuwa da gam a bayansu, waɗanda ake tallatawa da sunan tiri-di: kowane lungu na siffar bulon ma'ajiyar maiƙo ne, farce yana huda su, bayan kujera yana lotsa su, kuma roba ce da bai dace a kusanta ta da kasko ko risho ba.

Abin da ya rage shi ne nau'in binil, wato takardar da aka shafe fuskarta da roba irin wadda ake yin ledar tsakar ɗaki da ita. Shi ma hawa biyu ne: akwai wadda aka yi wa siririn feshi kawai, wadda ke jure goge-goge na sama-sama, akwai kuma mai kaurin roba da ake iya wankewa da sabulu da buroshi mai laushi. Dangane da bayanta kuma, mafi inganci a yau ita ce wadda ake kira marar saƙa, wadda aka matse zaren itace da na roba wuri guda aka yi ta. Amfaninta shi ne ba ta buɗewa idan ta jiƙe, ba ta tsukewa idan ta bushe, saboda haka bango ake shafa wa gam ba ita ba, kuma ranar da aka gaji da ita ana iya ɓare ta a bushe falle guda ba tare da ta bar guntaye ba. Ga mai zaman haya wannan siffa ta ƙarshe tana iya raba shi da rigima da mai gida ranar tashi.

Ba sai an dogara da bakin mai shago ba wajen gane waɗannan, domin masana'antun kirki suna buga alamomi a takardar da ke naɗe da kowane naɗi. Layi guda mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa yana nufin ana iya goge gam da soso lokacin mannawa kawai. Layi biyu na nufin tana wankuwa. Layi uku na nufin tana jure wanki sosai. Idan kuwa aka ga hoton buroshi tare da layin, to har gurzawa tana ɗauka. Hoton rana yana nuna juriyar launi ga haske, rabin rana na nufin juriya kaɗan, cikakkiya na nufin mai kyau, kuma wannan yana da muhimmanci idan tagar ɗakin yamma take kallo. Ga wurin cin abinci, bai kamata a yi ƙasa da layi uku ko buroshi ba. Naɗin da ya zo babu wata alama a jikinsa, babu sunan masana'anta, to ya riga ya faɗi matsayinsa, kuma araha ba ta ado. Gwajin da ya fi kowane bayani shi ne a roƙi guntun samfuri a kai gida, a ɗiga masa manja da zoɓo, a bar shi minti goma, sannan a goge da ruwan sabulu a ga abin da ya rage.

Sai dai robar da ke hana miya shiga ita ce kuma ke hana danshi fita, kuma a nan ne yawancin asara ke faruwa. Bangon bulo da siminti yana shan ruwa yana kuma fitar da shi a hankali. Idan ba a shimfiɗa leda ko wani shamaki a harsashin gini ba, ruwan ƙasa kan hau bango a damina har kusan mita guda, ya bar wani farin gari kamar kanwa wanda gishirin da ke cikin bulo ne ya fito. Idan bayan bangon kicin ne ko banɗaki, ko kuma bututun kwamin wanke hannu a cikinsa ya bi, yoyon da ido ba ya gani ya isa ya riƙe shi a jiƙe shekara duka. Fenti a irin wannan bango kumbura yake yi ya ɓare, mai gida ya gani ya gyara. Takardar binil kuwa rufa wa matsalar asiri take yi, fumfuna ta yi ta yaɗuwa a bayanta tana cin gam, har sai an fara jin warin gumi a ɗakin, ko an ga baƙin tabo ya ɓullo ta mahaɗar falle biyu. Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara tsananta abin a watan Agusta, saboda danshin da ke ratsowa daga waje yana tarar da bayan takarda a sanyaye sai ya zama raɓa a wurin. Gam ɗin da aka haɗa da sitaci kuma abinci ne ga kyankyaso, ita kanta takardar abincin gara ce, kuma gara tana son duhu da laima.

Gane bango mai danshi ba ya buƙatar na'ura. A yanko leda mai haske kamar faɗin faranti, a manna ta a ƙasan bango da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. Idan aka ga ɗigon ruwa ta cikin ledar, ko wurin ya yi duhu, to daga bangon ruwan yake fitowa, kuma babu takardar da za ta zauna a kansa sai an toshe mafarin. Ya fi kyau a yi wannan gwaji da damina, domin bangon da ya bushe ƙayau a watan Maris yana iya zama wani abu daban a watan Agusta. Sabon filasta shi ma yana buƙatar aƙalla wata guda ya bushe, saboda ruwan da ke cikinsa da kaifin siminti suna kashe gam suna kuma ɓata launi. Wannan ne ya sa aikin da aka yi cikin gaggawa ana saura kwana uku a kai amarya yakan fara ɗagowa kafin a gama cin amarci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan bushewa sai a shafe bangon ya yi sumul, a goge shi da samfefa, a yi masa shafin share fage da zai rage masa shan gam, domin duk wani tudu ko rami zai bayyana a fuskar takarda, musamman mai ƙyalli irin na zinariya ko azurfa, wadda ba ta ɓoye aibi ko ƙanƙani.

Haɗuwar laima da takardar bango ta taɓa yin abin da ya fi wari muni. A 1775 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya samar da wani koren launi mai ɗaukar ido wanda aka haɗa da gubar asanik, kuma a ƙarni na 19 aka yi ta buga takardun bango da shi da ire-irensa a Ingila, har da wasu zane-zanen farko na William Morris, wanda ake ɗauka a matsayin gwanin wannan fanni. Garin launin yana kakkaɓowa ya cika ɗaki, kuma daga baya wani likita ɗan Italiya, Bartolomeo Gosio, ya nuna cewa wasu nau'o'in fumfuna suna mayar da gubar ta zama iska. Kyan ɗan maciji ke nan. An daɗe da daina amfani da wannan launi, amma naɗin da aka kwance ya buɗe da warin roba mai hawa kai wanda bai lafa ba bayan kwanaki, bai dace da ɗakin da yara ke cin abinci ba.

Akwai wata dabara da Turawan zamanin Sarauniya Biktoriya suka yi amfani da ita, wadda ta dace da gidajen nan ƙwarai. Sukan raba bango gida biyu da wani katako da ake kafawa a kwance wajen santimita 90 daga ƙasa, daidai inda bayan kujera ke bugawa, su rufe ƙasan da abu mai tauri da ke wankuwa, irin Lincrusta da Frederick Walton ya ƙirƙiro a 1877 daga man ƙwayar linin da garin itace, su bar takarda mai ado a sama. A yau ana iya yin ƙasan da tayil ko katako ko fentin mai, kuma hakan yana tsare yankin da hannun yara da kujera da tsumman goge ƙasa da danshin damina suke haɗuwa. Kewayen kwamin wanke hannu kuwa na tayil ne, ba na takarda ba, komai ingancinta. Idan ɗakin ya yi ƙunci har ba a sami kamar santimita 90 tsakanin bakin teburi da bango ba, to kujera za ta riƙa gogar wurin kullum, kuma gara a taƙaita takardar ga bango guda da ba a jingina da shi.

Sai bayan an warware waɗannan ne ake zuwa ga launi da zane. Abin da ya bambanta wannan ɗaki shi ne a zaune ake kallonsa, kuma yawanci da dare. A gidaje da dama teburin ba ya cika sai da abincin dare, ko buɗa-baki da sahur a watan azumi, saboda haka launin da aka zaɓa da tsakar rana a ƙofar shago ba shi za a riƙa gani ba. Ƙwan lantarki mai haske rawaya-rawaya, wanda ake rubuta wa 2700 ko 3000 a ma'aunin Kelbin, yana ƙara wa ja da ruwan ƙasa da ruwan zuma armashi, yana kuma dusashe shuɗi. Mai haske fari fat, na 6500, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana sa launin madara ya yi fatau, toka-toka kuma ya yi sanyi kamar ɗakin asibiti. Hanyar da ta dace ita ce a manna samfurin a bango da salatif, a zauna a kujera a dube shi da safe, a dube shi da dare, har ma da hasken fitilar caji idan an ɗauke wuta. Manyan gidajen Ingila sun daɗe suna son jan bango a ɗakin cin abinci saboda yadda yake haskawa da kyandir, amma zancen da ake yawan yi cewa ja yana buɗe ciki ba hujjar da za a gina zaɓi a kanta ba ce. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ja mai duhu a bango huɗu yana iya sa ɗaki ya zama kamar tanda a ido. Fari sol kuma yana tona kowane tabo, yayin da zane mai launi biyu ko uku a kan ƙasa mai ɗan duhu yake ɓoye ƙananan ɗigo.

Zanen da ke ba da labari shi ne ya fi saurin gundura. A 1961 Jacqueline Kennedy, uwargidan shugaban Amurka na lokacin, ta sa aka manna wa ɗakin cin abincin iyalin shugaban Amurka a Fadar White House wata tsohuwar takarda ta kamfanin Zuber na Faransa mai hotunan yaƙin neman 'yancin ƙasar. Daga baya Betty Ford, uwargidan wani shugaban, ta sa aka cire ta, aka mayar da ita a zamanin Shugaba Carter, sannan aka rufe ta da yadi a zamanin Shugaba Clinton. Idan takarda mai wannan daraja ta kasa gamsar da masu zama gabanta kullum, to hoton gangaren ruwa ko kwandon 'ya'yan itace mai girman bango, irin wanda ake bugawa da kwamfuta, ba zai yi dogon zango ba. A gidajen Musulmi da yawa akwai ƙarin dalili, domin ana ƙyamar hotunan masu rai a bango, kuma lungun cin abinci yakan zama wurin shimfiɗa dadduma idan baƙi sun yi yawa. Takarda mai rubutun ayoyi ita ma tana da nata nauyin, tunda miya za ta iya fantsama a kanta, kuma ranar da aka ɓare ta sai an san inda za a kai guntayen. Zanen kusurwoyi da sarƙaƙƙun layuka ya kuɓuta daga duk wannan, kuma ba baƙo ba ne ga idon da ya saba da dagi da zanen maginan Zariya da Kano a fuskar soraye. Idan falo da wurin cin abinci a haɗe suke, dole takardar ta yi jituwa da labule da kujerun falon, kuma inda waɗannan suka cika ado, bango ne ya kamata ya yi shiru.

Lissafin yawan naɗi shi ne inda ake yawan tafka kuskure. Naɗin da aka saba da shi yana da faɗin santimita 53 da tsawon mita 10.05, wato kimanin murabba'in mita 5.3, akwai kuma babba mai faɗin mita 1.06 wanda ke kaiwa kusan murabba'in mita 16.5. Masu shago sukan raba murabba'in mitocin bango da wannan adadi, amma takarda falle-falle ake yanka ta, ba a haɗa guntu biyu a tsakiyar bango. Ɗaki mai mita 4 da mita 3.5 kewayensa mita 15 ne, wanda ke buƙatar falle 29 na ƙaramin naɗi. Idan tsayin bango mita 3 ne, aka ƙara santimita 10 na datsewa sama da ƙasa, kowane naɗi zai ba da falle uku, ke nan naɗi 10. Idan kuwa tsayin mita 3.3 ne, falle uku ba za su fita ba, sai biyu da ragowa, kuma buƙata ta tashi zuwa naɗi 15 kafin a cire gurbin ƙofa da taga, alhali lissafin murabba'i naɗi 10 zai nuna. Zane mai girma yana ƙara asara, domin dole a ja kowane falle sama ko ƙasa har furensa ya haɗu da na maƙwabcinsa, kuma tazarar maimaituwar zanen a rubuce take a jikin naɗin.

Kowane naɗi yana ɗauke da lambar rukunin bugu, wato lambar da ke nuna waɗanda aka buga tare da haɗin launi ɗaya, kuma naɗi biyu masu zane iri ɗaya amma lamba daban suna iya bambanta da ɗan abin da ba a gani a shago sai sun kwanta gefe da gefe. Wajen mannawa, falle na farko da ma'aunin magina ake daidaita tsayuwarsa, ba da kusurwar ɗaki ba, tunda da wuya a sami kusurwar da ta miƙe sak. A kashe fanka da na'urar sanyi, a rufe taga idan hunturu ne, domin gam ɗin da ya bushe da gaggawa yana buɗe mahaɗa. Mai saye ya duba lambar kowane naɗi da idonsa kafin ya biya, ya ƙara guda ɗaya a kan lissafi, ya ajiye shi cikin ledarsa a saman kabad inda gara ba ta kaiwa, domin kayan da ake shigowa da su a kwantena da wuya a sake samun irinsu a kasuwa bayan wata shida.